Yadda za ki gane ko yaronki na ibtida'i (firamare) ya iya karatu da lissafi ko hadda yake miki

'Yan uwa mata da ke nan Makka da Jidda, mu da Hausa muke yi a gida yara kuma suna makarantar Larabci, don Allah kar sakamakon da kike gani a Nur, shafin sakamakon ɗalibai na ma'aikatar ilimi, ya sa ki miƙe ƙafa. Yaranmu akwai kaifin hadda, tun daga allo suka saba, abla, wato malamarsu, ta karanta darasin Lugati, littafin Larabcinsu, sau uku sun riƙe shi tas, sai ki ji yaro yana zubo shi ba gargada ki ce masha Allah ai ya iya, alhali idonsa ma ba ya kan layin.

To ki ajiye littafin makaranta gefe, ki miƙa masa abin da bai taɓa gani ba, kwalin madara ne, rasit ɗin bakala (kantin unguwa) ne, ko ki rubuta masa layi biyu da hannunki. Ɗan aji ɗaya kafin shekara ta ƙare ya kamata ya san haruffa 28 a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, don siffarsu canzawa take, ya san wasali sama da ƙasa da rufu'a da ɗauri da madda, ya haɗa su ya fitar da kalma ko da a hankali ne. In kin ga yana kallon harafin farko sai ya cinci sauran, nan matsalar take, ki sa ya ɗora yatsa ya bi harafi harafi. Ɗan aji biyu gajeren labari zai karanta, ki kuma yi masa imla, wato shifta, a nan ne za ki kama ta kuri da ta buɗaɗɗiya da lam shamsiyya da ake rubutawa ba a furtawa, har manyan yara suna faɗuwa a wajen.

Daga aji uku maganar ta wuce furta kalmomi, fahimta ake nema. In ya gama karantawa ki rufe takardar ki ce ya ba ki labarin da Hausa, waye ya yi me, don me ya yi. Wannan gwajin na fi yarda da shi a kan komai, saboda Larabcin unguwa da yake yi da abokansa daban, fusha ta littafi daban, yaro yana iya fin ki baki a kasuwa ya kasa gane sakin layi ɗaya. Kuma a aji uku ne ake musu jarrabawar Nafis ta ƙasa a karatu da lissafi, a aji shida a ƙara da kimiyya, ita kuwa ba darasin da ya haddace za ta kawo masa ba. Masu cewa a daina yi wa yara Hausa wai don Larabcinsu ya gyaru, ni dai ban ga dalili ba.

Lissafi kuma fara da lambobin kansu, musamman in yaron ya soma makaranta a Kano ko Damagaram kafin a taho. Biyar ɗin nan zagaye ne kamar sifirin can, sifiri ɗigo ne kawai, shida kuma ta yi kama da bakwai ɗin boko. Sannan ga wani abu da iyaye ba sa lura, mu ashirin da biyar muke cewa, Balarabe kuwa biyar yake fara faɗa kafin ashirin, sai yaro ya ji ya rubuta 52 maimakon 25. Ki riƙa kira masa lambobi da Larabci yana rubutawa har hannun ya faɗa.

Aji ɗaya ƙirga zuwa 100 da tarawa da ɗebewa na ƙananan lambobi, aji biyu ɗaruruwa da aro da ajiya da kuɗi da agogo, aji uku jadawalin darb, wato sau, da rabawa. Jadawalin nan in bai zauna ba duk abin da ke gaba, doguwar rabawa da kusur (rabi, sulusi, kwata) da kashi cikin ɗari na aji shida, wahala ce zalla. Kar ki tambaye shi a jere don waƙa zai rera miki, ki tsallaka, 7 sau 8, sai 6 sau 4, sai 9 sau 3. In za ki aike shi bakala da riyal 20 ya sayo kayan riyal 13 ya gaya miki canjin kafin ya fita ƙofa, gurasar tamis ɗaya kuma ki ce ya raba wa mutum huɗu ya faɗi rabon kowa.

Kwata ɗin awa bayan la'asar ya isa, waya a kashe, ba bulala, don yaron da ke tsoro cinta kawai zai yi ta yi. In kin je wajen abla ko ustaz kar ki ce ya yaron yake, za a ce miki lafiya lau. Ki ce ɗana yana juya lambobi, ko ba ya bambance ta kuri, wane darasi zan maimaita masa a Madrasati, shafin darussan makaranta na intanet.