Yadda yaro mai sikila zai ci gaba da karatu daga gida

Yaro mai ciwon sikila kan yi makonni bai leƙa aji ba, musamman da hunturu, lokacin da sanyi ke tayar da ciwon. Tun kafin ya kwanta a daidaita da malaminsa: ya riƙa ɗaukar hoton allo da aikin gida, ya turo ta WhatsApp haɗe da saƙon murya na minti biyu ko uku. Wannan ya fi darasin bidiyo kai tsaye, don bai cin data sosai, kuma yaron zai saurara sa'ad da jiki ya lafa.

Ɗan shekara 5 zuwa 8, minti 15 zuwa 20 sun ishe shi a zama ɗaya, sau biyu a rana. A riƙe karatu da lissafi, sauran su jira. A ajiye ruwan sha kusa da shi, domin ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon, kuma kada ya zauna gaban fanka ko kan siminti.

Inda iyaye suka fi kuskure shi ne matsa masa ya kamo 'yan ajinsu, alhali kaɗaici ya fi damunsa. A haɗa shi da abokinsa ta waya ko da sau ɗaya a mako. A zana masa fuskoki uku, mai murmushi, mai ɗaure fuska da mai kuka, ya nuna yadda yake ji kafin darasi. In ya ce da ciwo, a yarda. Ba raki ba ne.

Zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na sarƙewa? A rufe littafi, sai asibiti.