Kurakuran da aka fi yi kan yadda gado ke gina jijiyoyin jin raɗaɗi

Ɗaliban likitanci da na aikin jinya a Kaduna sukan ɗauka cewa duk yaron da aka haifa ba ya jin ciwo, larurarsa iri ɗaya ce da ta sauran. Gyaran shi ne a raba lamarin gida biyu. A wasu yaran, ƙwayoyin jijiyar ne ba su ginu ba tun suna ciki, saboda tangarɗa a ƙwayar gado ta NTRK1, wadda aka danganta da larurar a 1996, ko ta PRDM12, wadda aka gano rawarta a 2015. NTRK1 ce ke samar da furotin TrkA, mai karɓar sinadarin NGF da ke raya ƙwayoyin jijiya, kuma ƙwayar jijiyar da ba ta samu wannan sinadari ba mutuwa take yi kafin haihuwa. A wasu kuwa jijiyoyin suna nan, sai dai ba sa iya aika saƙo, kamar yadda aka gani a 2006 a wasu iyalai na arewacin Pakistan masu tangarɗa a ƙwayar gado ta SCN9A.

Akwai kuma masu rubuta cewa ƙwayoyin jijiyar nan a ƙwaƙwalwa suke, alhali a dunƙule suke a gefen lakar ƙashin baya, inda ƙwayar gado ta Neurogenin1 ke fara tsara su, ta Runx1 kuma ta rarrabe su daga baya.

Kuskuren da ya fi haɗari, a ganina, shi ne na gaban majiyyaci. Yaron da NTRK1 ɗinsa ta samu matsala ba ya yin gumi, don haka a zafin Maris da Afrilu jikinsa kan yi zafi ƙwarai, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da gwaji ba. Kamata ya yi a tambayi uwar ko ta taɓa ganin guminsa, ko yana cizon harshe tun fitowar haƙoransa, ko yana ƙonewa bai yi kuka ba. A kuma daina ɗora wa uwa laifi, domin daga uwa da uba duka ake gadon larurar, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarta.

Babban da ya girma yana jin ciwo, daga baya ƙafarsa ta daina ji, ba wannan ne matsalarsa ba. A fara duba ciwon suga da kuturta, wadda ake horar da ma'aikata a kanta a cibiyar Saye da ke Zariya.