Darasi na 9: Gyaran manjagarar tarakta a gida

Manjagarar tarakta dogon ƙarfe ce mai jerin haƙora lanƙwasassu. Ana rataya ta a bayan tarakta don tattara tsakuwa, kara da saiwoyi, da kuma daidaita ƙasa. A ƙasar Adar, wajen Keita da Bouza, dutse ya fi yashi yawa, kuma yawancin manjagarar da ake kawowa ba don irin wannan ƙasa aka ƙera ta ba. Abin da manoma suka fi kuka da shi shi ne ta bar gona tudu da kwari.

Ga dalili. Manjagarar tana maƙale da tarakta. In tayoyin gaba suka hau tudu, bayan tarakta ya sunkuya, sai haƙora su nutse su yi rami. In gaba ya faɗa kwari, baya ya ɗaga, sai ta zubar da abin da ta kwaso. Da an sake bi, ramin ya ƙara zurfi. Maganinsa tayoyi biyu ne a bayan haƙora. Su suna taka wurin da aka riga aka share, don haka suna riƙe manjagarar a tsayi ɗaya.

Kafin a fara, a sauke manjagarar daga tarakta, a ɗora ta a kan katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana rataye, domin hannun tarakta yana iya sauka ba zato. In dole sai an yi walda tana jikin tarakta, a cire wayar batir tukuna.

A nemi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 50, kaurin milimita 4. A yanka guda biyu, kowanne santimita 70. Su ne hannuwan da za su riƙe tayoyi. Tayar adaidaita sahu ta fi tayar baro, domin ta baro ba ta jure dutse da nauyi. A ƙarshen kowane hannu a yi waldar guntun bututu mai zagaye a tsaye, santimita 12. Cikinsa sandar ƙafar taya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar, za ta shiga, ta riƙa juyawa. Wajen ƙera ƙafar, gatarin taya ya ja baya da sandar kamar santimita 8 zuwa 10. Wannan ratar ce ke sa taya ta bi tarakta a kwana. In babu ita, tayar za ta yi ta jan ƙasa a karkace har roba ta cire.

A ɗaure hannuwan a kan babban ƙarfen da ke ɗauke da haƙora, kamar santimita 30 daga kowane gefe, da bulon, wato ƙusa mai noti, na milimita 12 mai lamba 8.8 a kansa. A juya tayar da hannu ta kewaya gaba ɗaya, a tabbatar ba ta taɓa haƙori ba, domin in tarakta ta ja da baya tayar juyowa take yi.

Tsayi kuwa da zobban ƙarfe ake daidaita shi. A zura su a sandar: zobe a ƙasan bututu yana ɗaga haƙora, a mayar da shi sama haƙora su sauka. Don kwasar kara, bakin haƙora ya shafi ƙasa kawai. Don tsakuwa, ya shiga santimita 2 ko 3.

Akwai kuskuren da ke lanƙwasa sababbin hannuwa tun ranar farko. Sandar sama ta tsakiya, wadda ke haɗa manjagara da tarakta, ba ta sassautawa. Da gaban tarakta ya hau tudu, sai ta danne tayoyin da dukan nauyi. A maye gurbinta da sarƙa mai kauri. Sarƙa tana ɗaga manjagara, amma ba ta danne ta.

Sai haƙora. In ana son a kwashe manyan duwatsu a bar ƙasar noma, a kwance haƙori ɗaya a bar ɗaya, amma a bar na gefe biyu. Mai haƙora 37 za ta koma 19. A ajiye waɗanda aka cire, su ne canji. Haƙorin da ya karye kada a kai shi walda, ko mai walda ya ce zai iya. Ƙarfen haƙori irin mai lanƙwasa ya dawo ne, zafin wuta yana kashe wannan hali, sai ya sake tsinkewa a gefen waldar.

Mai son jera duwatsu don tare ruwa ya cire fil ɗin da ke hana manjagarar juyawa, ya karkata ta zuwa hujin fil na gaba ko na gabansa, duwatsu za su gangara gefe guda su yi layi. A tafi da giya ta ɗaya ko ta biyu. Bayan awa ɗaya ta aikin farko a tsaya, a sake ɗaure kowane bulon, a sa giris a sandar taya. Ƙurar hunturu tana shanye giris da wuri, don haka a duba kowace safiya kafin fita.