Yadda za ka ɗauki hoton albasar Galmi da hasken taga

Tun da na sa hoton albasa da cuku a WhatsApp, 'yan uwa a nan Tawa suke ta tambayata irin kyamarar da nake da ita. Wayata ce kawai, haske ne ya yi aikin. Ga yadda nake yi.

1. Fara da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 9, kafin rana ta yi zafi.
2. Ja tebur kusa da taga, inda rana ba ta dukansa kai tsaye.
3. Kashe fitilar ɗaki. In haskenta ya gauraya da na rana, launin albasa yakan ɓaci.
4. Ɗora albasa uku a kan faifai, ɗaya a yanke.
5. Tsaya yadda taga za ta kasance a gefenka. Nan ne aikin yake. Hasken gefe shi ke fito da zanen ɓawo da zoben cikin albasa, har ka ga kamar ka taɓa. Wanda ya zo daga bayanka kuwa yakan shafe inuwa, abu ya fito a baje, ba armashi.
6. Jingina farar takarda a ɓangaren inuwa, ta mayar da haske.
7. Goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Hattara: a nan ake yawan kuskure. Kada ka kunna filasha! Ɓawon zai yi ƙyalli, launinsa ya gudu.

8. Taɓa albasar a allon waya, ta fito sarai.
9. Ɗauka.
10. Juya faifan kaɗan, ka sake ɗauka, sannan ka gwada biyun.