Yadda Ake Kuɓuta Daga Bashin Katin Kiredit Kafin Kuɗin Ruwa Ya Yi wa Mutum Katutu

Bahaushen da ya je Amurka ko Birtaniya karatu ko neman halali ba ya daɗewa kafin a shaida masa cewa sai ya mallaki katin kiredit, domin a waɗannan ƙasashe tarihin cin bashi da biyansa yana cikin abin da ake dubawa kafin a ba mutum hayar gida ko a sayar masa da mota a kan biya kaɗan-kaɗan. Katin ya bambanta da na ATM da aka saba da shi a gida, wanda kuɗinka kake cira da shi. Wannan kuɗin banki ne kake kashewa, kuma idan wa'adi ya cika ba ka mayar da su gaba ɗaya ba, sai kuɗin ruwa ya fara hawa. Ruwan nan ba ƙarami ba ne. A shekarar 2023 jimillar bashin kati da ake bin Amurkawa ta haye dala tiriliyan 1, kuma matsakaicin ruwan da bankuna ke ɗorawa ya zarce kashi 20 cikin 100 a shekara. Wanda ya riga ya shiga ciki, ga yadda zai bi ya fita.

Mataki na farko: ka san adadin abin da ake bin ka

Da yawa daga cikin masu fama da wannan bashi sun daina buɗe takardar bayanin asusu da banki ke aiko musu duk wata, saboda ganinta kawai yana tayar da hankali. Sai ka daure ka tattaro ta kowane kati, ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta abubuwa huɗu a kan kowanne: jimillar bashin, yawan ruwan da ake ɗorawa a shekara wanda ake rubutawa da haruffan APR, mafi ƙarancin abin da aka ce ka biya, da ranar ƙarshe ta biya. Ka lura cewa kati ɗaya yana iya ɗaukar ruwa iri biyu ko uku, domin wanda ake ɗorawa a kan sayayya daban yake da wanda ake ɗorawa a kan tsabar kuɗin da aka cira a na'ura, kuma na biyun ya fi tsada.

Mataki na biyu: ka fahimci tarkon mafi ƙarancin biya

A nan ne mutane suka fi yin asara, don haka a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi a tsanake. Bankin yana raba ruwan shekara gida 365, yana ɗora wa bashinka kaso ɗaya kowace rana, sannan a ƙarshen wata ya haɗa abin da ya taru da uwar kuɗin, ta yadda a wata mai zuwa ruwan ma zai haifi nasa ruwan.

Mu ɗauka ana bin ka dala 5,000 a kan ruwan kashi 24 cikin 100 a shekara. Hakan na nufin kimanin kashi 2 cikin 100 a wata, wato dala 100. Bankuna da yawa suna lissafin mafi ƙarancin biya ne ta hanyar haɗa ruwan watan da kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗin, saboda haka za a nemi ka biya dala 150. Za ka biya, ka ji kamar ka sauke nauyi, alhali dala 50 kacal ce ta taɓa bashin, sauran ɗarin ta tafi aljihun banki. Abin da ya fi muni shi ne, duk lokacin da bashin ya ragu, adadin da ake nema a wurinka shi ma yana raguwa, don haka tafiyar tana ƙara yin sanyi. Idan ka bi wannan adadi yana sauka da kai har ya tsaya a kan dala 35, wadda muka ɗauka ita ce iyakar da bankin ba ya sauka ƙasa da ita, ba tare da ka ƙara sayen ko allura da katin ba, za ka shafe fiye da shekara 16 kana biya, kuma ruwan kaɗai zai wuce dala 8,000.

Yanzu a sauya abu ɗaya tak. Maimakon ka bar adadin ya riƙa sauka, ka tsayar da shi a kan dala 150 ɗin nan ta watan farko, kana biyan ta kowane wata ko da bankin ya ce ƙasa da haka ya isa. Bashin zai ƙare cikin wata 56, ruwan kuma ya tsaya a wajen dala 3,300. Idan kuwa ka iya matsawa zuwa dala 250, za ka gama cikin wata 26, ruwan bai kai dala 1,500 ba. A ganina babu wata dabara a cikin wannan rubutu da ta kai wannan amfani, kuma ba ta bukatar izinin kowa: ka shiga manhajar bankinka, ka saita biya na kai-tsaye a kan tsayayyen adadi, ka sa ranar ta zo kwana ɗaya ko biyu bayan shigar albashinka.

A Amurka dokar katin kiredit ta 2009, wadda Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu, ta wajabta wa bankuna su rubuta a kan takardar kowane wata tsawon lokacin da biyan mafi ƙaranci zai ɗauke ka, da kuma adadin da za ka riƙa biya idan kana son gamawa cikin wata 36. Wannan adadi na biyu shi ne ya dace ka sa a gaba idan aljihunka zai ɗauka.

Mataki na uku: ka ajiye katin

Ba a cika tulu yana yoyo. Ka cire katin daga walat ɗinka, ka goge lambarsa daga wayarka da shafukan sayayya na intanet, ka koma amfani da katin asusunka na albashi. Akwai dalilin lissafi bayan na tarbiyya: muddin akwai ragowar bashi daga watan baya, wa'adin rangwamen da ake bayarwa kafin ruwa ya fara hawa a kan sabuwar sayayya yakan faɗi, saboda haka buhun shinkafar da ka saya yau zai fara tara ruwa tun daga yau.

Wani abu da ya shafi mutanenmu musamman shi ne aika kuɗi gida da katin. Kamfanonin kati da dama suna ɗaukar irin wannan aike a matsayin cire tsabar kuɗi, wanda ake cazar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a kansa nan take, ruwansa ya fi yawa, kuma ba shi da wa'adin rangwame ko na yini ɗaya. Buƙatun 'yan uwa gaskiya ne, kuɗin makaranta da na asibiti da hidimar biki ba sa jira, amma wanda ya ci bashi mai ruwa ya aika ya rage abin da zai iya aikawa baɗi. Gara ka fito fili ka gaya wa na gida cewa akwai bashi a wuyanka, ka yanke abin da za ka iya duk wata daga albashinka, ka tsaya a kai har ka fita.

Mataki na huɗu: ka zaɓi katin da za ka fara kashewa

Idan katunan sun fi ɗaya, ka riƙa biyan mafi ƙaranci a kan dukkansu domin kauce wa tarar jinkiri, sannan duk rarar da ka samu ka zuba ta a kan guda ɗaya. Lissafi ya nuna wanda ruwansa ya fi yawa ya kamata a fara da shi. Wasu sun fi son farawa da mafi ƙanƙantar bashi domin su ga sun rufe ɗaya da wuri su sami ƙwarin gwiwa, kuma ban ga laifin haka ba idan bambancin ruwan bai taka kara ya karya ba. Idan ka gama da na farko, sai ka ɗauki duk abin da kake biya a kansa ka ƙara a kan na biyu.

Mataki na biyar: ka kira bankin kafin ya kira ka

Kunya ce ke hana mutane wannan kira, alhali ma'aikacin da zai ɗauka aikinsa ke nan kullum. Ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki, ko rasa aiki ne, ko rashin lafiya, ko raguwar sa'o'in aiki, ka tambaya ko suna da shirin sassauci ga wanda ya shiga matsi. Yawancin manyan bankuna suna da shi, kuma yakan haɗa da rage ruwa na wasu watanni ko yafe tarar jinkiri. Ka rubuta ranar kiran da abin da aka yi alkawari, ka nemi a aiko maka da shi a rubuce.

Mazauna Birtaniya suna da ƙarin kariya. Tun 2018 hukumar FCA mai sa ido a kan harkokin kuɗi ta wajabta wa kamfanin kati ya tuntuɓi duk wanda ya shafe wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da abin da yake ragewa daga uwar kuɗin, idan kuma aka kai wata 36 a haka, dole kamfanin ya gabatar masa da hanyar gamawa cikin lokaci mai ma'ana, wanda idan ba zai iya ba sai a duba rage masa ruwan ko dakatar da shi. A Ingila da Wales kuma akwai shirin Breathing Space da aka fara a 2021, mai dakatar da ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60, kuma ta hannun mai ba da shawara kan bashi ake shiga.

Mataki na shida: ka nemi kuɗi mai sauƙi ka maye gurbin mai tsada

Wanda makinsa na cancantar bashi, wato makin da ake ba mutum bisa tarihin biyan bashinsa, bai lalace ba yana iya samun sabon kati da zai kwashe tsohon bashin ya riƙe shi babu ruwa na tsawon wata 12 zuwa 21 a Amurka, bisa cajin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka kwaso. Dabara ce mai kyau ga wanda zai raba bashin a kan yawan watannin ya biya daidai, ya kuma bar tsohon katin a rufe a akwati. Ga wanda bai shawo kan hannunsa ba, bashi biyu zai wayi gari da shi a maimakon ɗaya.

Musulmin da lamarin riba ke damun zuciyarsa yana da hanyoyin da ya sani tun daga gida. Rance marar ruwa daga ɗan uwa ko aboki, wanda aka rubuta aka kafa shaidu, ya fi kowane tayi na banki. Adashe ma yana aiki idan abokan zubi suka amince ka yi ɗaukar farko, ka kai kuɗin kai-tsaye ga katin. Haka kuma waɗanda bashi ya yi wa nauyi suna cikin rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a matsayin masu cin zakka, saboda haka ba abin kunya ba ne mutum ya kai kukansa ga kwamitin zakka na masallacinsu, malamai su duba ko ya cancanta.

Idan abin ya fi ƙarfinka

Idan bayan ka cire kuɗin haya da abinci da sufuri ba ka da abin biyan ko mafi ƙaranci, to lokacin neman ƙwararru ya yi. A Birtaniya ƙungiyoyin StepChange da National Debtline da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta. A Amurka ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin NFCC, gamayyar masu ba da shawara kan bashi, suna shirya tsarin biya na shekara uku zuwa biyar, inda suke sasantawa da bankuna a rage ruwa, kai kuma ka riƙa biya a wuri ɗaya. Ka yi hattara da kamfanonin da ke talla cewa za su sa a yafe maka rabin bashinka, domin sukan umarce ka da ka daina biya, tara da ruwa su ci gaba da taruwa, sunanka ya ɓaci, su kuma su karɓi ladansu. Jinkirin da ya kai kwana 30 yana shiga tarihin bashinka ya zauna shekara bakwai a Amurka, a Birtaniya kuwa shekara shida.

Masu riƙe da katin kiredit na naira a Najeriya su ma lissafin nan ya hau kansu, kuma ruwan bankuna a can ya yi tsada sosai tun da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024. Sauya banki ba ya ɓoye mai bashi, domin tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI da ya ba banki damar bin lambar BVN ya cire abin da yake bin mutum daga asusunsa na wasu bankuna, sannan kamfanonin adana tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral suna riƙe da sunan wanda ya gaza biya. Idan ka ga cajin da ba ka gane ba a kan katinka, ka rubuta wa bankin ƙorafi ka karɓi lambar shaidar shigar da shi, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, sai ka kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin tare da kwafin takardarka ta farko.