Yadda Ake Kawar Da Inuwar Girgiza A Jikin Aikin Firintar 3D

Ka buga abu, sai ka ga kusa da kowace kusurwa ko harafi wasu layuka suna maimaita kansu suna dusashewa kamar igiyar ruwa? Firintar ce ke rawa. Kan da ke fitar da roba yana da nauyi, idan ya karya kwana da gudu sai injin ya ci gaba da karkarwa, roba ta ɗauki tambarin.

Fara da mazauninta. A ƙananan shagunanmu na Agege da Idi-Araba sai ka tarar da firinta kan teburin roba, janareta na kaɗawa a bakin ƙofa. Sauke ta daga nan. Sami falen siminti mai nauyi, ka sa soso mai kauri a ƙarƙashinsa, ka ɗora ta a kai. Naɗin zaren robar ma a sauke shi daga saman firam, nauyinsa a can yana ƙara lilo.

Sai bel, wato ɗamarar robar da ke jan kan da farantin da ake bugawa a kai. Kaɗa shi da yatsa: mai kyau zai ba da sauti kamar tsirkiyar gurmi, sakakke kuwa shiru. Amma kada ka ɗaure shi tamau, motar lantarkin da ke jansa da boris ne za su ji jiki. Duba ƙananan kusoshin da ke riƙe fulin mota, suna yawan kwancewa ba a lura ba. Mai firinta ƙirar Ender 3 ya girgiza kan da faranti da hannu. In suna motsi, ya juya notin tayoyin da sifana har su daina.

Sai ka gama wannan za ka taɓa kwamfuta, kuma a nan mutane ke kuskure: suna rage gudu kawai, alhali saurin tashi da tsayawa ne babban mai laifi. In yana 3000, mayar da shi 1000. A Marlin, manhajar da ke cikin firintar, umarnin M204 P1000 ne, sannan M500 don ya zauna. A Cura, manhajar da ke shirya aikin a kwamfuta, sa gudun bangon waje milimita 30 a daƙiƙa. Canza abu ɗaya, buga ɗan gwaji, sannan na gaba.

In kana son gudu da kyau tare, auna rawar. Idan ka buga da milimita 100 a daƙiƙa, tazarar layukan ta zama milimita 2, rawar sau 50 ce a daƙiƙa. Marlin daga 2.1.2 tana karɓar wannan adadi ta umarnin M593 ta kashe girgizar. A Klipper kuwa, wata manhajar irin Marlin, 'yar na'urar auna girgiza mai suna ADXL345 ake liƙa wa kan ta auna da kanta. Rawar hagu da dama (X) daban, ta gaba da baya (Y) daban ake aunawa, domin nauyin faranti ba ɗaya ba ne da na kai.