Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyara Fuskar Titaniyam na Dashen Gaɓa

Tun 1952, lokacin da likita mai bincike Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya ga ƙashin zomo ya manne da titaniyam har ya ƙi rabuwa, ake kallon wannan ƙarfe a matsayin aminin jiki. Kuskure na farko shi ne ɗauka cewa ƙarfen kaɗai ya isa, alhali ƙashi da fuskar ƙarfen yake mu'amala, wato siririn ɓawon da ke samuwa nan take idan titaniyam ya haɗu da iska.

Masu ƙera gaɓar ƙugu da ta gwiwa kan kausasa ɓangaren da zai shiga ƙashi ko su yi masa ƙananan ramuka, domin ƙashi ya tsiro a ciki ya riƙe shi. Ramukan da suka fi dacewa faɗinsu yana tsakanin maikiromita 100 da 400 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Sai dai kaushi ba ya amfani idan dashen yana motsi: da zarar girgizarsa ta wuce maikiromita 150, nama mai kama da tabo ne zai cike gurbin maimakon ƙashi, don haka wajibi ne likita ya zaunar da shi daram tun ranar tiyata. Kaushin da ya yi yawa kuma maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta.

Wani kuskuren shi ne sanya titaniyam a inda gaɓa ke gogayya. Ƙarfen ba ya jure guga, yakan zubar da ɓurɓushi mai haddasa kumburi da zaizayar ƙashi, shi ya sa ake yin kan gaɓar da tangaran na musamman ko haɗin kobal da kuromiyam.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne sakaci da wanki, domin ido ba ya ganinsa. Yashin alumina da ake fesawa don kausasa ƙarfe yakan maƙale a jikinsa. A watan Disamba na 2000, kamfanin Sulzer Orthopedics a Amurka ya janye kofunan ƙugu (ɓangaren dashen da kan gaɓar ke zama a ciki) samfurin Inter-Op bayan an gano ragowar man inji a kansu, wanda ya hana ƙashi kamawa, har dubban marasa lafiya suka sake kwanciya tiyata. Maganinsa shi ne a auna tsaftar fuskar bayan matakin ƙira na ƙarshe, a kuma sake aunawa duk lokacin da aka sauya tsarin aikin masana'anta.